Lalurar da Ido Ba Ya Gani: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutanen da za ka gaisa da su a masallaci, ku hau adaidaita ɗaya, ku yi aiki a ofis ɗaya shekara da shekaru, ba ka taɓa sanin cewa kullum da dabara suke kai yamma ba. Ba su riƙe da sanda, ba sa kan keken guragu, fuskarsu ba ta nuna komai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da irin waɗannan bayin Allah, wasu daga bakin masu lalurar, wasu daga iyayensu, wasu kuma daga masu shakkar al'amarin gaba ɗaya.

Me ake nufi da ɓoyayyiyar nakasa?

Lalura ce mai daɗewa a jiki, ko a ƙwaƙwalwa, ko a ji da gani, wadda take tauye wa mutum harkokinsa na yau da kullum amma ba a gane ta da kallo ɗaya. A ƙasar Hausa waɗanda aka fi cin karo da su sun haɗa da sikila, wato amosanin jini, da farfaɗiya, da raunin ji, da yoyon fitsari, da ciwon damuwa mai tsanani da sauran lalurorin ƙwaƙwalwa, da ciwon ƙoda, da wahalar gane rubutu da wasu yara ke fama da ita duk da kaifin basirarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne, kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, ke rayuwa da wata nakasa mai tasiri. In ka dubi unguwarku ka ga ba ka san nakasassu masu yawan haka ba, to da yawansu suna cikin waɗanda ido bai kama ba.

Ai wannan rashin lafiya ne kawai. Me ya kawo kalmar nakasa?

Zazzaɓi yana zuwa ya tafi. Wanda aka haifa da sikila kuwa da ita zai yi makaranta, da ita zai nemi aiki, da ita zai nemi aure. Abin da ke mayar da ciwo nakasa shi ne daɗewarsa da kuma katangar da mutane ke gina wa mai shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, a kan haka ta tsaya: rauni mai daɗewa idan ya haɗu da shingayen da ke cikin al'umma. Ɗalibin da ba ya ji sosai, in an zaunar da shi a gaba malami yana fuskantarsa, zai yi karatunsa. In aka jefa shi layin ƙarshe a ajin yara ɗari, an gama da shi. Kunnen bai canza ba, wurin zaman ne ya canza.

Wasu masu lalurar ba sa son a kira su nakasassu, kuma suna da hujja, domin a bakin mutanenmu kalmar tana tafe da hoton bara da ƙoƙo. Shi ya sa aka fi jin "masu buƙata ta musamman" a rediyo yanzu. A kira kowa da abin da ya zaɓa.

Me ya sa muke saurin taimakon makaho da gurgu, amma muke zargin waɗannan?

Domin gani ya kori ji. Tun zamanin da, garuruwanmu sun san da zaman nakasassun da ake gani, har aka yi musu sarauta: akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da wurin kai kukansa. Ba a taɓa naɗa sarkin masu farfaɗiya ba. Wanda lalurarsa ke ɓoye ba shi da wannan rumfar. Abin da yake samu sunaye ne: mai sikila ya zama rago ko mai raki, mai raunin ji ya zama mai girman kai da ba ya amsa sallama, mai ciwon damuwa ya zama mai raunin imani, yaron da ba ya gane rubutu ya zama daƙiƙi.

Sai mutum ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, za a ɗora masa abin da ba zai iya ba, in ya gaza a ce lalaci ne. In ya faɗa, ko dai a ƙaryata shi, ko a yarda a guje shi. A ganina wannan zaɓin ya fi ciwon kansa cin rai, kuma mu ne muka ɗora shi, ba cutar ba.

Jiya na ga mai sikilar nan yana dariya lafiya lau, yau an ce yana asibiti. Anya?

Haka cutar take. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, kuma suna kai kimanin kwana 120. Na mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, yana saurin gajiya, idonsa kan yi ɗorawa-ɗorawa. Ranar da ƙwayoyin nan suka cunkushe suka tare hanyar jini, sai ciwo ya tashi a ƙashi, ko ƙirji, ko baya, ko ciki, irin ciwon da ke sa babban mutum kuka da hawaye. Yana iya tashi cikin awa guda. Sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, aikin ƙarfi, duk suna tayar da shi, wani lokaci kuma ba wani dalili da za a nuna.

Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa amma shi ba ya da cutar. Saboda haka ba baƙon abu ba ne, yana cikin kusan kowane dangi.

Ina da ƙanwa mai sikila. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba daren da muka kwana a asibiti ba ne. Wata rana ce da ta roƙi malaminsu ya bar ta ta shiga inuwa lokacin da aka tsayar da su a rana, ta ce, "Malam, don Allah jikina ba zai ɗauka ba." Ya ce mata kowa ma jiki gare shi. Da daddare muka kwashe ta. Wani dare kuma wani ma'aikacin jinya ya dube ta tana murƙususu ya ce ta saba da allura ne kawai. Wannan zargi na jarabar allurar kashe zafi yana bin masu sikila a ko'ina, kuma yana sa da yawansu su daure a gida har sai abu ya ɓaci.

Abin da suke buƙata a makaranta ko wurin aiki ba shi da tsada: a bar su su sha ruwa a kai a kai, su fita bayi ba sai sun yi bayani ba, a ɗauke musu horon tsallen kwaɗo da tsayuwar rana, a bar su su sa rigar sanyi ko da ba ta cikin kayan makaranta, in sun rasa jarrabawa saboda kwanciya a ba su damar ramawa.

Da gaske ne ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu?

A'a. Ko kaɗan. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko taɓa mutum lokacin da ta buge shi. Wannan camfi ya yi kisa, domin shi ke sa mutane su watse su bar mutum ya faɗa wuta ko rijiya suna kallo.

Farfaɗiya rikicewar saƙonnin ƙwaƙwalwa ce na ɗan lokaci. Tana iya biyo bayan doguwar naƙuda da ta wahalar da jariri, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko buguwa a kai kamar a haɗarin babur. Wani lokaci gado ne, wani lokaci ba a gano sanadi. Kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha ba fashi. Kuma ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Akwai wadda yaro zai yi ƙuri da ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ya tafi tunani, ya dawo bai san an yi ba, malami ya zane shi don ba ya mai da hankali.

In ta buge wani a gabanka, ka janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka sassauta masa wuyan riga. In jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefe. Kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada ka ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, zai iya shaƙewa. Kada a danne shi, kada a kara ƙafarsa a wuta. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, a garzaya asibiti. In mace ce a rufe mata jiki, a kuma kori masu ɗaukar hoto da waya.

To ina batun iska da sammu? Mu bar addu'a ke nan?

Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi addu'a, a kuma sha magani, ba su taɓa karo da juna ba. Inda ɓarna take shi ne a shekara biyar ana yawo da yarinya daga wannan mai magani zuwa wancan, ana turare ana duka wai ana korar aljani, an sayar da akuya an sayar da gona, ba a taɓa kai ta gaban likita ba. Ko kuma ta fara shan magani ta samu sauƙi, wani ya ce a daina don na asibiti ba ya jituwa da na gida. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo bugu mai tsanani da ba ya tsayawa.

A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa. Bai kore ta ba, bai ce a nisance ta ba. Ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma yi mata addu'ar kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Bayan shekaru Ibn Abbas yana nuna ta yana cewa ga mace 'yar Aljanna.

Masu lalurar ƙwaƙwalwa su suka fi shan wuya a nan. A 2019 jami'an tsaro sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar neman sauƙi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a kula da shi cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Matar da ta haihu ta kasa barci, tana kuka ba dalili, tana jin ba ta son jaririnta, da mutumin da ya tsira daga hannun 'yan bindiga amma ƙarar ƙofa ke firgita shi, duk akwai abin da za a yi musu.

Ɗana yana da wayo a gida, amma a makaranta an ce ba ya ja. Me zan duba?

Fara da kunne da ido. Yankinmu yana cikin inda sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi, kuma cikin abin da yake bari a baya akwai raunin ji. Haka ƙyanda, haka ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe. Yaron da ke ji da kunne ɗaya, ko yake jin murya amma kalmomi na cakuɗe masa, ba kurma ba ne a idon mutane, saboda haka ba wanda zai koya masa maganar hannu ko ya kai shi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano. Yana nan a tsakiya, ana dukansa don taurin kai. Ki kira shi daga bayansa da murya ƙasa-ƙasa, ki lura ko yana yawan kallon bakin mai magana, ko yana ƙure ƙarar rediyo.

In ji da gani lafiya, akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke wahalar haɗa harafi da sautinsa. Za su haddace abin da aka faɗa musu tsaf, su ba ki labari tiryan-tiryan, amma allo ko littafi ya gagare su. Bulala ba ta gyara wannan. Koyarwa a hankali, da maimaitawa, da ƙarin lokaci a jarrabawa su ke taimakawa.

Yoyon fitsari ma yana ciki?

Yana ciki, kuma shi ne wanda aka fi ɓoyewa. Doguwar naƙuda ce kan jawo shi, inda kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har nama ya mutu ya huje. Sau da yawa jaririn ma bai zo da rai ba. Sai matar ta daina zuwa biki, ta daina zama cikin mata, ta rage shan ruwa don kada ta jiƙe, wata kuma a sallame ta gidan iyayenta. Ana warkewa da aikin tiyata. Cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana wannan aiki yana kuma horar da likitoci, da sashen da ke asibitin Murtala a Kano, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi, duk sun ɗinke dubban mata.

Zan yi aure. In faɗa ko in yi shiru?

Ki faɗa, ka faɗa, amma ga wanda ya dace kuma a lokacin da ya dace, wato kafin a sa rana. Ba dole ba ne duk dangi su sani. Wanda za a zauna da shi dole ya sani, don shi zai riƙe ki in ciwo ya tashi da tsakar dare. Na san abin da ake tsoro: wasu za su gudu. Gara su gudu yanzu da a gano bayan ɗaurin aure a ce an yi musu rufa-rufa, domin a nan ne ake sakin mace da wulaƙanci.

Game da sikila, lissafin a fili yake. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato mai cutar sikila. Kowane ciki daban, ba wai ɗaya cikin yara huɗu ba. Ana iya samun uku a jere. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini na gano sikila. Shawarata a yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, a wurin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wurin, don ana samun kuskure. Amma kada wannan ya koma ƙyamar masu sikila. Mai SS da ya auri AA, wato wanda bai gaji ƙwayar sikila ba ko kaɗan, ba za su haifi mai SS ba. Masu farfaɗiya ma suna aure suna haihuwa, sai dai mace ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin wasu magungunan na iya cutar da ɗan tayi kuma akan canza su.

Doka ta san da mu?

Ta sani. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, kuma ma'anar nakasa a cikinta ta haɗa da raunin jiki da na ƙwaƙwalwa da na fahimta da na ji da gani, ba ta ce sai wanda ake gani ba. Wanda ya nuna bambanci yana fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuma Naira miliyan 1. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a kuma fara sallamar nakasassu a layi. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa.

Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci, kuma mai ɓoyayyiyar lalura shi ne na ƙarshen amfana. Mai gadin banki zai buɗe wa mai sanda hanya, amma matashin da sikila ta cinye masa kan ƙashin kwatangwalo, wanda tsayuwar minti 20 azaba ce gare shi, za a ce ya koma baya. Yana da kyau mutum ya riƙa yawo da takardar likita ko katin asibitinsa.

In aka buɗe wannan ƙofa, ba kowane malalaci zai ce yana da lalura ba?

Za a samu masu ƙarya, kamar yadda ake samun masu makantar ƙarya a bakin titi, kuma hakan bai sa mun daina yi wa makafi jagora ba. A auna asarar biyu. In ka ba maƙaryaci kujera, ka yi asarar kujera. In ka hana mai gaskiya, yana iya kwana a asibiti. Kuma a ƙasar da faɗin cewa kana da farfaɗiya ke iya raba ka da aiki da aure, masu ɓoyewa sun ninka masu ƙirƙira nesa ba kusa ba. A wurin aiki da makaranta takardar likita ta wadatar, a ajiye ta a sirrance, kada ta zama abin hira a ɗakin malamai.

Na ga wasu a filin jirgi da koren igiya mai furanni a wuya. Mece ce?

Alama ce da aka fara a filin jirgin Gatwick na Ingila a 2016. Mai ɓoyayyiyar lalura ne ke rataya ta don ma'aikata su gane yana iya buƙatar ƙarin lokaci ko taimako ba sai ya yi dogon bayani ba. Ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Tana aiki ne kawai inda aka koya wa ma'aikata ma'anarta, kuma ba dole ba ce.

Ana matsa mini in yi azumi, ana cewa ai ga ni garau.

Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya sauƙaƙa wa marar lafiya, ya rama a wasu kwanaki, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ba a sa ran warkewarsa. Bai ce sai ciwon da maƙwabta suka gani ba. Ga mai sikila da mai ciwon ƙoda, wuni ba ruwa a zafin Afrilu na iya zama haɗari na gaske. Wasu suna iyawa, wasu ba sa iyawa. Likitanka da malamin da ya fahimci lalurar su za ka tambaya. Haka sallah a zaune. Sahabi Imrana ɗan Husaini basir ne ke damunsa, ciwon da ba mai gani, Annabi ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Saurayin da ka gani a kan kujera a sahu, ka bar shi da Ubangijinsa.

Wani ya amince da ni ya faɗa mini lalurarsa. Me zan ce?

Ka ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Me zan yi in abin ya tashi muna tare?" Ka saurari amsar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka ce ai ba ka yi kama da marar lafiya ba. Yabo kake nufi, shi kuma abin da zai ji shi ne ba ka yarda ba. Kada ka fara lissafa masa masu magani. Kada ka kai maganar gaba, ko ga matarka, sai da izininsa. Ka karɓi lambar wanda za a kira, ka san inda yake ajiye maganinsa da asibitin da katinsa yake. In an yi biki ko tafiya ku gayyace shi kamar kullum, in ya ce yau ba zai iya ba, ku sake gayyatarsa wani karon.